Jirgin Ya Tashi Ba Da Ni Ba

Lahadi, 8 ga Fabrairu, 2015

Sun cire ni.

Dakta Nasir, shugaban sashenmu a cibiyar binciken teku, ya kira ni ofishinsa bayan azahar, ya sa aka kawo mini shayi. Bai taɓa yi ba. Tun da na ga shayin nan na san da magana. Wai tasrihina bai fito ba, takardar izinin hawa jirgin bincike. Jirgin zai tashi daga Jidda mako mai zuwa. "Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya duktura Minnatullah, abin ba a hannuna yake ba."

Shekara uku ina kan dutsen nan. Dutse mai aman wuta, a can ƙasan Bahar Maliya, inda hasken rana ba ya kaiwa, ba ɗan'adam ɗin da ya taɓa ganinsa da ido. Ni na zana taswirarsa da amon sautin da ake aikawa ƙasan teku. Ni na ce akwai ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa a jikinsa, lokacin da kowa yake mini kallon mai mafarki. Ni na rubuta takardar da ta sa Jamusawa suka yarda suka kawo jirginsu da na'urar nutsonsu.

Na tambaye shi wa zai hau a gurbina. Ya kalli kofinsa. Yunus.

Yunus! Mataimakina, wanda na koya wa karanta taswira.

Ban sha shayin ba. Na nemi hutu, na hau bas ɗin cibiya, na taho Makka.

Litinin, 9 ga Fabrairu

Ummi ba ta tambaye ni komai ba. Ta kalli jakata, ta kalli fuskata, ta ɗora ruwan zafi.

Abin da ke cin raina: Jamusawan nan kaf an ba su tasrihi. Mutanen da ko hanyar unguwar Rusaifa ba su sani ba. Ni da aka haifa a unguwar Jarwal, nan Makka, inda ake jin kiran sallar Harami daga kan tabarma, ni ce baƙuwar da sai an bincika. Fasfona na Chadi ne. Sau ɗaya na taɓa taka ƙasar, shi ma don sabunta fasfon.

Kakana Dawuda da kakan Yunus tare suka baro Kano. Tare suka zauna a Chadi har aka haifi Baba, tare suka ratsa Sudan, tare suka ƙetaro wannan tekun a jirgin katako. Da aka zo rubuta mutane a nan ana ba su jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, kakan Yunus ya je ya bi layi. Nawa ya ce shi baƙon Allah ne, ba ya neman takardar kowa. Allah ya ji ƙansa. Amma wallahi yau da zan gan shi da mun yi magana.

Laraba, 11 ga Fabrairu

Baba ya bar cefanen naman tsire ya kai ni Jidda a tsohuwar motarsa. Ofis na farko suka ce na biyu, na biyu suka ce mai sa hannu ya tafi salla, da ya dawo ya ce ba nan ba ne. Daga ƙarshe wani saurayi a bayan gilashi ya juya iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar, ya ce, "Yaushe kika shigo ƙasar?"

Na ce, "Ranar da uwata ta haife ni."

Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya ce in dawo bayan wata guda. Na ce jirgin ranar Lahadi zai tashi. Ya ce in sha Allahu.

A hanyar dawowa Baba ya nuna mini shingen shiga Makka, inda aka rubuta cewa wanda ba Musulmi ba ya bi ta gefe. Sai ya ce, "To ai kin ga, Jamusawan ma ba a barin su shiga garinki." So yake in yi dariya. Na ce, "Baba, su ba su yi shekara uku suna zana taswirar garina ba." Daga baya na ji ba daɗi. Shi me ya yi?

Juma'a, 13 ga Fabrairu

Yunus ya zo gida bayan la'asar, shi da mahaifiyarsa. Wai gaisuwa. Ummi ta shimfiɗa musu darduma mai kyau, ta fito da kofunan baƙi.

Ya zauna can bakin ƙofa yana kallon yatsunsa. Hausarsa ba ta da yawa, Larabci ya cinye ta, amma yau ya ga dama ya gwada ta a kaina. "Duktura, wallahi ni ban roƙa ba. Na ce musu aikinki ne."

Na ce, "Amma za ka hau."

Ya ce in bai hau ba, cibiya ba ta da kowa a jirgin da ya san dutsen. Gaskiya ce, shi ya sa ta fi ba ni haushi.

Sai kuma don rashin sanin lokacin magana, ya sake tado zancen gefen kudu. Tun bara yake damuna da shi: wai ruwan da aka ɗebo a saman gangaren kudu na dutsen ya ɗan gurɓace, akwai ƙarfe a ciki fiye da kima, ko za a duba can? Na faɗa masa tun bara na'urar gwaji ce ta yi kuskure. Ruwan zafi yana ramin da ke ƙolin dutsen, a nan tsagogin suke. Yau na ce masa, "Ka je ka yi abin da aka rubuta. Ba ra'ayi aka aike ka ba."

Mahaifiyarsa ta sunkuyar da kai. Ummi ta harare ni.

Da za su tafi Baba ya naɗe masa tsire a takarda, har da ƙarin yaji, wai guzurin teku. A gabana!

Lahadi, 15 ga Fabrairu

Jirgin ya tashi. Na wanke bargunan gidan nan gaba ɗaya.

Talata, 17 ga Fabrairu

Gwaggo Asiya, ƙanwar Baba, ta zo daga unguwar Kudai. Ta ce alhamdu lillahi da aka hana ni, me mace za ta yi a tsakiyar teku cikin maza ba muharrami? Na ce mata shugabar tafiyar ma mace ce, Farfesa Ilze, ta haifi ɗa kamar Yunus. Ta ce ai waccan Nasara ce. Sai ta ƙara da cewa ita fa har yau ba ta gane aikina ba: wuta a ƙarƙashin ruwa? Ai ruwa kashe wuta yake.

Na fara yi mata bayani. Yadda ƙasan tekun ke tsagewa a hankali, Afirka tana ja baya, mu muna ja baya, narkakken dutse yana tasowa ta tsakiya. Yadda ruwan teku ke sulalewa cikin tsagogi ya je ya yi zafi, ya dawo ɗauke da ƙarfe da farar wuta, ya gina bututai tsaye kamar hasumiya. Yadda wasu halittu suke rayuwa a jikin bututan ba su taɓa sanin akwai rana ba. Ban ƙarasa maganar ba na tashi na shiga ɗaki.

Ta bango na ji tana ce wa Ummi, "Aure ne maganin wannan."

Alhamis, 19 ga Fabrairu

Imel uku daga Yunus. Ban buɗe ba.

Na buɗe. Iska ta hana su sauke na'ura, teku ya yi tsauri, shi kuma amai yake tun da suka bar Jidda. Allah ya ƙara.

Astagfirullah. Allah ya ba shi lafiya. Amma dai.

Asabar, 21 ga Fabrairu

Sun sauke ta jiya. Na'urar nutso akwatin ƙarfe ce mai girman ƙaramar mota, da fitilu da kyamara da hannu guda, ana zura ta da igiya daga jirgi. Sun wuni suna yawo a ramin ƙolin dutsen, ba su ga komai ba sai baƙin dutse da laka.

Ai dole. Ramin yana da faɗi, fitilar kuma ba ta haska fiye da tsakar ɗaki. A takarda na rubuta "ramin ƙoli" kawai, don na ɗauka ina wurin, ina zaune gaban allon ina cewa matuƙi yi dama, yi hagu. Ainihin wurin yana kaina: inda tsagogi biyu suka haɗu a bangon arewa.

Yunus ya rubuto, "Duktura, iska ta cinye mana kwanaki, nutso kaɗan ya rage. Don Allah ina za mu dosa?"

Su tambayi mai bayan gilashi. Su tambayi Dakta Nasir da shayinsa.

Litinin, 23 ga Fabrairu

Jiya ban amsa ba. Ina da haƙƙi. In suka dawo hannu wofi kowa zai san wa aka bari a tudu.

Yau da hantsi na raka Ummi Harami. Ƙarar gini ta ko'ina, ƙarafa a sama, an toshe hanyar da muka saba bi. Ina ɗawafi, bakina yana addu'a, kaina yana bangon arewa. Na yi ta lissafin yadda igiyar ruwa za ta ja na'urar, ta wane gefe ya kamata su sauka. Har Ummi ta taɓa ni ta ce mun gama, ina za ki kuma?

Da muka dawo na tarar da Baba yana tsire nama a tsinke. Ya ce, "Yaron nan ya same ki?" Ashe mahaifiyar Yunus ta kira Ummi. Na ce ya same ni. Ya ci gaba da aikinsa, can ya ce, "Jirgin nan in ya koma ƙasarsu, yaushe zai dawo?"

Na ce wataƙila shekara biyar. Wataƙila ba zai dawo ba.

Ya ce, "Uhm."

Shi ke nan abin da ya ce. Na tsani wannan uhm ɗin nasa.

Na aika. Lambobin wurin, da ta inda za su sauka, da abin da za su fara gani. Ba sallama, ba sa hannu. Ba don Yunus na yi ba, ba kuma don cibiya ba. Ba zan iya jure a wuce ta gefen abin nan a cikin duhu ba a gan shi ba.

Laraba, 25 ga Fabrairu

Sun same su. A daidai inda na ce.

Hotunan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, layi-layi daga sama. Ina zaune a ƙasa da kwamfuta a cinya. Na farko laka. Na biyu tsaga. Na uku sai ga bututu a tsaye cikin hasken fitila, ya fi mutum tsawo, bayansa wani, bayansa wani. Na yi ihu har Ummi ta fito da ludayi a hannu.

Sai na duba da kyau.

Ba abin da ke fita daga bakinsu. Laka ta rufe su, ɗaya ya karye ya kwanta. Suka zura ma'aunin zafi a bakin babban: daidai da ruwan da ke kewaye. Matattu ne. Sun yi aiki, sun gama, wataƙila tun kafin a gina Jarwal.

Ummi ta ce, "To ba ga shi kin gani ba?" Na ce, "Ummi, kabari na gano."

Na ce wa kaina sun yi kuskuren wuri, akwai wasu a gaba. Na bi hanyar da na'urar ta bi a kan taswira, na sake bi. Ba su yi kuskure ba. Yunus ya kai ta ko'ina da na ce, har da inda ban ce ba.

Shekara uku. A hana ni jirgi, sannan dutsen ma ya yi mini haka.

Alhamis, 26 ga Fabrairu

Farfesa Ilze ta kira ni da wayar jirgi, muryarta tana yankewa. Nutso ɗaya ya rage musu. Ko su koma ramin ƙoli su ɗebi guntayen matattun bututan, wanda tabbas ne, za a samu abin rubutawa. Ko su je gangaren kudu, inda Yunus yake so, wanda wataƙila ba komai. Ta ce aikina ne, ba za ta saɓa maganata ba. Ta ce in ba ta amsa kafin magariba.

Na ce Yunus ɗin ba shi da baki ne? Ta ce ya ƙi kira, wai na riga na ba shi amsa a gidanmu.

Na fito da sakamakon ruwan bara, wanda na ce na'ura ce ta yi kuskure. Na duba shi yadda zan duba in baƙo ne ya kawo mini. Ƙarfen yana nan. Kaɗan ne ƙwarai, amma a kwalba biyu yake, kuma duka biyun daga zurfi ɗaya. Na'ura ba ta cika yin kuskure iri ɗaya sau biyu a wuri ɗaya ba. Na san haka. Ni nake koya wa ɗalibai haka.

In suka je kudu suka samu, nasa ne. In suka ɗebo matattuna, nawa ne, sunana a kai, ba mai ja.

Na yi sallar la'asar, na daɗe a kan darduma ba don yawan addu'a ba. Sannan na rubuta mata, "Ku je kudu. Ba ni da hujjar hanawa."

Asabar, 28 ga Fabrairu

Ina madafa ina taya Ummi dakan yaji wayata ta yi ƙara. Yunus ne. Da farko ban gane me yake cewa ba, Larabci da Turanci da kuka duk a haɗe. Sai ya koma Hausa, ban san dalili ba. "Duktura, ruwa yana rawa! Yana rawa!"

Ba bututai dogaye ba ne. Tudun-tudun ne ƙanana, ja kamar tsatsa, sun cika gangaren, kuma a kansu ruwa yana kaɗawa kamar iskar da ke kan kwalta da azahar. Ɗumi ne, ba tafasa ba. Ƙananan halittu sun shimfiɗu a kai kamar tabarma, in hannun na'urar ya taɓa sai su tashi kamar auduga. Rayayye. Dutsen yana da rai.

Ya ce, "Kina ji na?" Na ce ina ji. Na ce ya ɗebi ruwa kafin ya taɓa laka, kada ya gurɓata. Ya ce ya riga ya yi. Na ce ya auna zafi a wuri fiye da ɗaya. Ya ce ya yi. Ban sami abin da zan ƙara ba, sai na ce, "Tayyib."

Da na ajiye wayar Ummi ta ce me ya sa nake hawaye. Yaji ne. Duk wanda ya daka yajin Baba ya san haka.

Talata, 3 ga Maris

Cibiya ta fitar da sanarwa. Hoton Dakta Nasir, wanda ko kwalekwale bai hau ba. Hoton Yunus da hular kwano, a ƙasa an rubuta matashin ɗan ƙasa. An gode wa Jamusawa, an gode wa matuƙin jirgi. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake karantawa daga ƙasa har sama. Babu ni.

Na kira Dakta Nasir. Ya ce sashen yaɗa labarai ne suka rubuta, sunayen waɗanda suka hau jirgi kawai suka ɗauka. Na ce to shi yaushe ya hau? Ya ce, "Ya duktura, kada ki mai da abin na ƙashin kai." Na ƙashin wa zan mai da shi?

Na rubuta takardar ƙorafi, shafi biyu. Na cire zagi, ta koma ɗaya. Na aika.

Da yamma na ga Yunus ya amsa sanarwar, kuma ga kowa da kowa ya aika, har da shugaban cibiya. Ya ce taswirar tawa ce, tafiyar tawa ce, kuma ni na ba da umarnin nutson ƙarshe daga Makka. Kwantiraginsa bana zai ƙare, kuma Dakta Nasir ne mai sa hannu. Wawa. Wa ya aike shi?

Alhamis, 5 ga Maris

Sun gyara sanarwar. Sunana yana layin ƙarshe, an rubuta shi ba daidai ba.

Litinin, 9 ga Maris

Na koma aiki jiya. Kafin in shiga ɗakin gwaji sai da na bi ta ofis na sake shigar da neman tasrihi, ko da ba jirgin da ake jira. Matar da ke ofishin ta ce na wane jirgi? Na ce na duk wanda zai zo. Za su gaji da ganina. Dakta Nasir ya hango ni a baranda ya shige wani ofis da ba nasa ba.

Samfuran suna ɗakin sanyi. Na buɗe kwalba ɗaya, warin ƙarfe da ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancina. Na daɗe ina shaƙa, Allah ya sa ba wanda ya gan ni.

Yunus ya rame, rana ta ƙona masa hanci. Yana zaune gaban madubin ƙara girma, da ya gan ni ya miƙe zai ba ni kujera kamar kullum. Na ce ya zauna, ni tsayuwa nake so, bayana ke ciwo.

Akwai wani dutsen a arewa da wannan, na daɗe ina zana shi ban nuna wa kowa ba. Ina da inda nake zato. Na shimfiɗa taswirar a kan tebur don in ga ko ta yi daidai a bugu, shi kuma yana wurin, to sai na ce, "Kai ina kake gani?"

Ya kalle ni kamar na yi masa magana da Jamusanci. Sannan ya ja kujera, ya yi ta zuba har aka kira azahar, yana nuni da murfin biro. Rabin abin da ya faɗa shirme ne, kuma na faɗa masa.

Ɗaya rabin zan duba gobe. Ban ce masa zan duba ba.